Akwatinka Ya Cika

Gadarif, farkon damina

Abu Reem,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya a duk inda kake. Ya ciwon ƙafar nan? Mu ƙalau muke a gidan Inna Jumai, 'yarmu Reem har ta fara famfara.

Tun da gudun yaƙi ya raba mu a hanyar Madani wayarka ba ta shiga, wannan adireshin kaɗai ya rage mini. Ka tuna zauren imel na ma'aikatan gonar gwajinmu, wanda kake kira taron tsofaffi? To, ni ke kula da shi yanzu, da shi muke gano wanda ya tsira. Duk saƙon da ya fita, naka sai ya dawo, wai akwatinka ya cika. Ban yi mamaki ba, mutumin da ko tsohuwar jarida ba ya iya yarwa! Wannan ma dawowa zai yi, na sani. Ina kewarka.

Matarka,
Fatin

Gadarif, lokacin yankan riɗi

Abu Reem,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki da sauƙi.

Manhajar zauren nan ba ta da kara. Adireshin da saƙo ya cika dawowa daga gare shi, da kanta take cire shi. Ta cire ka, na mayar, ta sake cirewa, na sake mayarwa. Ustaz Abuelgasim, shugabanmu, ya ce in aka ci gaba haka za a toshe zauren gaba ɗaya, gara a share matattun adireshi. Kalmar na fita bakinsa ya sunkuyar da kai. Na roƙi arziki ya ƙyale naka zuwa ƙarshen girbi. Ga motoci sun fara shigowa da buhuna daga gonakin Simsim, girbin ya kusa ƙarewa.

Allah ya tsare mini kai.
Fatin

Gadarif, Juma'a

Abu Reem,

Sallama da gaisuwa.

Shekaranjiya na aika sanarwa, na zauna jiran naka ya dawo. Bai dawo ba. Na zaci wani abu na taɓa, na bi adireshin harafi-harafi, yana nan yadda yake. Na aika wani, shi ma ya shige. Akwati ba ya rage kansa, sai an buɗe an share, kalmar sirrin kuwa ko ni ka hana.

Ban gaya wa Reem ba tukuna. Ka rubuto, ko kalma ɗaya ce, in san abin da zan ce mata.

Taka har kullum,
Fatin