Koren Kan Tirela

Ƙofar Jatau, Zariya
2 ga Yuni, 1988

Yaya Batulu,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewar yayarta. Yaya jikinki, yaya ƙafar nan da ke tashi in damina ta kama? Yaya Malam da yara, da sanyin Jos? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kin tambayi idon Baban Maijidda. Wata huɗu ke nan da yi masa aiki, kuma ya ce garau yake gani. Alhaji Jibril, mai tirelar da yake ja shekara goma sha shida, ya ba wani direba riƙon ƙwarya, ya ce bayan Babbar Sallah zai mayar masa da makullinsa.

Mutumin da ya saba yau Legas jibi Maiduguri, a zaunar da shi a zaure, kin san sai ya nemi abin yi. To, tirela yake ƙerawa. Kada ki yi dariya, na riga ki. Tsawonta kamu biyu. Ya yanke gwangwanayen madara da na man girki, ya buge su suka miƙe, ya liƙe da dalma. Silifas ɗina da nake ganin da sauransu, su suka zama tayoyi goma sha huɗu. Madubina da ya fashe ya koma madubin gefe. Kan yana rabuwa da bodin kamar na gaske, ƙofofin suna buɗewa, har da lotsawar da ke ƙofar direba tun ranar da saniya ta faɗo masa a Mokwa. Na ce tunda sabuwa kake yi, ka gyara mata mana. Ya ce in ya gyara ba tasa ba ce.

Ya riga ya shafa mata fentin ƙasa, ruwan toka. Saura koren kai, da rawayan layi, da rubutun goshi irin na babbar, wato "Sai Mun Dawo". Rabon da in ji yana waƙa a gidan nan har na manta, sai yanzu.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Mariyamu


Ƙofar Jatau, Zariya
19 ga Yuli, 1988

Yaya Batulu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki yafe mini gajartar gaisuwar, zuciyata ba ta tare da ni.

Ƙananan gwangwanayen fentinsa huɗu ne, jere a kan taga, kuma ya hana kowa taɓawa. Na ɗauka iyayin masu sana'a ne. Ranar Asabar ruwa ya feso ta tagar, na kwashe su na goge wurin, na mayar. Ban lura da wanda ke gaba da wanda ke baya ba.

Jiya da hantsi, rana tar a zauren, ya kira ni in zo in ga kore. Yaya, ruwan toka ya shafa a kan ruwan toka. Sau biyu ya bi kan motar da buroshi, a tsanake, bai tsallake ko lungu ba. Ya ɗaga ta yana murmushi, yana ce mini wannan shi ne ainihin koren babbar ranar da aka sauke ta daga jirgin ruwa a tashar Apapa.

Na ce masa ta yi kyau. Allah ya yafe mini, abin da bakina ya iya ke nan.

Da na koma ɗaki sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda yake jan hannu a kan tabarma kafin ya kama kofin shayi. Yadda ya daina bin gajeriyar hanyar masallaci. Ita kanta tirelar, da yatsu ya ƙera ta, ni kuma ina tsaye ina yabon idonsa. Ni da nake koyar da 'yan aji uku bambance launi, wata biyar ban ga abin da ke gabana ba.

Saura kwana biyar Sallah. Litinin ta sama zai ɗauki buhun masara ɗari shida zuwa Legas. In na yi shiru, zai hau titi da 'ya'yan mutane a gabansa. In na yi magana, na raba shi da abu ɗaya da ya iya a duniya. Ki sa mu a addu'a, don na san amsarki ba za ta riske ni kafin ranar ba.

Taki,
Mariyamu


Ƙofar Jatau, Zariya
14 ga Agusta, 1988

Yaya Batulu,

Ina fatan kun yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Wasiƙarki ta iso, na gode, na karanta ta ya fi sau goma. Amma ta tarar an gama.

Washegarin Sallah na gaya masa gaskiya. Bai musa ba. Ya ce hazo-hazo ne kawai, zai washe. Ya ce hanyar Legas ramukanta ma ya san su ɗaya bayan ɗaya, kuma da rana kaɗai zai riƙa tafiya. Ya roƙe ni, Yaya. Shekara goma sha huɗu muna tare bai taɓa roƙona komai ba, ya roƙe ni in rufa masa asiri tafiya ɗaya tak.

Ranar Juma'a da ya tafi masallaci, na cire kan tirelar, na naɗe a mayafi, na tafi gidan Alhaji Jibril a Ƙofar Kuyambana. Na jira shi a ɗakin Hajiyarsa. Da ya shigo na ajiye a gabansa, na faɗi yadda aka yi. Ya daɗe yana jujjuya ta, ya taɓa lotsawar ƙofar, ya ce ko mai ɗaukar hoto bai kai wannan ba. Sannan ya ce makulli zai zauna hannun wancan direban.

An sake kai shi asibiti. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma bin sa zai yi.

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na ji sauƙi. Kwana goma sha biyu yana amsa gaisuwata kamar ta maƙwabciya. Yana cin abincina, yana godiya. Godiyar nan ita ta fi ci mini rai. Ban yi nadamar zuwana ba, amma ban san yin daidai yana da zafi haka ba.

Shekaranjiya ya kira ni zaure. Na tarar ya mayar da kan a jikin bodin, ya ɗora ta a cinya. Ya miƙo mini buroshi, ya ce in ɗauko koren da kaina. Na zauna ina shafawa, yana riƙe, yana gaya mini inda layin rawaya ke bi, daga ƙasan gilashi zuwa bayan ƙofa. Layin ya karkace a hannuna. Da muka zo goshi na tambaye shi ko in rubuta "Sai Mun Dawo". Ya ce in bar wurin haka nan.

Da ta sha iska ya ɗaga ta daf da fuskarsa, ya juya ta wajen hasken taga, ya tambaye ni ko wannan karon kore ne da gaske. Na rantse masa kore ne. Ya gyaɗa kai. Ya ce to shi ke nan, daga yau abin da na ce masa kore shi ne kore, don haka kada in ƙara ce masa abu ya yi kyau don tausayi.

Na yi masa alkawari. Tana nan a kan taga, goshinta ba rubutu.

Kada ki wahalar da kanki da neman maganin idon da kika ambata. In da hali ki zo da kanki, ko na kwana biyu ne. A gaida Malam da yara.

Ƙanwarki mai kewarki,
Mariyamu