Kaset Ya Kama Ni Ina Kau Da Kai

Hajiya Balaraba mai filin shawara, don Allah ki taimake ni. Mutan gida lafiya, 'yata Rauda ta warke daga zazzaɓi, ƙanwarta Kausar na makaranta. Ni ce ba lafiya, kuma ba ciwon asibiti ba ne. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci nan unguwar Badariya.

Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, yana aiki a gidan talabijin. An ba shi tsofaffin kasakasai tun na zamanin da Kebbi ke cikin jihar Sakkwato yana juye su cikin kwamfuta kafin su lalace. A ciki ya tsinci bikin kamun kifi na Argungu. Ga marigayi babansa cikin ruwa da gora da homa. Ga shi kansa ɗan yaye, a kafaɗar Laure, ƙanwar babansa da ta riƙe shi. Ga ni a gefe. Yaron ya miƙo mini hannu, na kau da kai. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tashi.

Da ya fitar da faifan, Laure ya fara kai wa can Argungu, ni sai a bakin Rauda na ji. Laure na ta tara mutane tana cewa ga ɗanta. Ni fa na yi naƙudarsa. Rigar da ke jikinsa ma ni na ɗinka da hannu, na aika a ɓoye. Yanzu za a nuna faifan a walimar aurensa, kowa ya ga uwar da ta juya wa ɗanta ƙeya. In sa Rauda ta ce masa ya yanke wurin? Ki amsa mini kafin ƙaramar salla.

Uwar Wani, Birnin Kebbi

Uwar Wani, kishinki ba abin kunya ba ne, amma kada ki sa a yanke komai. Laure ta yi goyo, ta yi jinya, faifai ɗaya bai biya ta ba. Shi kuwa ɗanki, wanda aka saba kau masa da kai, ina zai samu ƙarfin halin kawo miki?

Ki daina aika Rauda. Ki kira shi da kanki kafin walima, ku kalla ku biyu. Ba sai kin faɗi sunansa ba. In an zo wurin, ki ce ya tsayar, ki nuna masa rigar, ki gaya masa wadda ta ɗinka. Kyamara ta ɗauki ƙeyarki, ba ta ɗauki allurarki ba. Allah ya sanya alheri a auren.