Gatarin da Ya Shiga Kurmin Baba

Zuwa ga aminina Malam Sambo, a hayin iyaka, ƙasar Dahome.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dabbobi. Saƙonka ya iso ta bakin mai gishirin nan da ke ratsowa ta Kaoje. Ya ce kana tambaya ko idon ruwan kurminmu ya farfaɗo, don ka koro shanu gida da ranin bana. Kwana goma ke nan ina juya amsar a cikina. Ka san ni da nauyin baki, shi ya sa na ga gara in rubuta, tunda yaƙi da jahilci ya koya mini riƙe fensir. Na san sai ka nemi mai karanta maka. To, duk wanda ya ji, ya ji.

Ka tuna yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake riƙe da kurmin nan. Gatari ba ya shiga. Kowa ya zo sai ya rataye nasa a kanyar bakin hanya, kuma ba a ɗaukar itace sai wanda ya faɗi da kansa. Mata su ɗebi na sha a ido, ku masu shanu ku shayar a ƙasa wajen duwatsu. La'asar na yi kowa ya fita, a bar wa namun daji. In an yi masa gardama yakan ce, "Su ma da ƙishi suka wuni."

Ni da kai mun sha ganin sawun gada da gwanki da safe a bakin ruwan. Ko a tsakiyar bazara rafin bai taɓa yankewa ba, ya ratsa fadamar shinkafa ya je ya faɗa Kwara, masunta na kama tarwaɗa a bakinsa. Wallahi a lokacin ban taɓa tambayar kaina daga ina yake zuwa ba.

Sai malamin daji ya zo a zamanin Bature, ya kafa allon ƙarfe a jikin kanyar, ya sa aka ɗaure mutum biyu kan saran itace. Tun daga nan mu samari muka haɗa dokar Baba da ta Bature muka yi musu kuɗin goro. Shekarar da aka sauke tutar Bature, Baba na da wata uku a ƙasa, muka ce ai 'yanci ya zo, daji ya zama namu.

An gaya maka taron samari ne suka yi ɓarnar. Haka ne, amma ni ne a gaba. Ni na ɓamɓare allon, kuma gatarina ne ya fara cin maɗacin da ke inuwantar da ido. Sai bayan kwana biyu ka iso, ka tsaya da sanda a kafaɗa kana kallon kututture, ka ce, "Garba, wannan fa ba na Bature ba ne, na babanka ne." Na yi maka dariya. Na ce mutumin da bai iya riƙe fartanya ba me ya sani a kan ƙasa? Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Dawar da muka shuka a wurin ta yi kyau shekara biyu, sai ka ce mun ci riba. A ta uku ido ya koma laka. Masu shinkafa suka fara tare rafi, masu shanu suka fara ture shinge, har aka fasa wa ƙanenka kai. Farar saniyarka ta faɗi a hanyar Kwara ba ta tashi ba. Ka haɗa kayanka ka ƙetare, ko sallama ba mu yi ba.

Mai gishiri ya ce a can inda kake ana tsaron daji, marmaro na gudu har rani. Na yi maka murna, na kuma ji zafi.

Ni dai na koma rataye gatarina a kanya, ni kaɗai, mutane na wucewa suna cewa Garba ya zautu. Na dasa maɗaci da ɗinya, awaki su cinye, in sake dasawa. Na yashe ido har bayana ya ƙi miƙewa. Yanzu yana ɗan tsattsafowa, daga hantsi zuwa azahar tulu uku, mata na zaune suna jira suna hararata. Matata Hassi kuwa sai dai ta ɗauki gammo ta nufi gulbi. Na gaji, Sambo. Abin da muka kayar a kwana uku, ban ga alamar zan ga inuwarsa da idona ba.

Na so in ce maka ka taho. Ina kewarka ƙwarai, ba ni da wanda zan zauna da shi a yi shiru ba tare da an tsargu ba. Amma na taɓa kashe maka saniya ɗaya, ba zan ƙara da ƙarya ba. Kada ka dawo da shanu bana. Ruwan ba zai ishe su ba.

Allah ya kiyaye maka garkenka, ya sanyaya makwancin Baba, ya raya 'yan itatuwan nan ko bayan raina. In zuciyarka ta yarda, ka zo kai kaɗai, ruwan shan mutum ɗaya dai zan samo maka.

Naka, mai neman gafararka,
Garba