Tabon da ke Bayan Sada

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Daga Liman Armaya'u na Safana, wan mahaifinka, wanda in ya yi gyaran murya sahu ke miƙewa, zuwa ga ɗanmu Haliru wanzami, ɗan Daudu na Yasore, mazaunin Bida ta ƙasar Nufe. Gaisuwa mai yawa da addu'a. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka Turai da yara. Allah ya tsare ku da zazzaɓin bakin kogi, ya sa albarka a askarka. Na rubuta maka da ajami don ka karanta da kanka, kada ka kai wa wani malami ya ji abin da ba nashi ba. Ka samu wuri ka zauna, maganar babba ba a jin ta a tsaye.

Bayan haka, mutanen gida suna nan da godiyar Allah. Gero ya yi, dawa ce ta ɗan ba da kunya. Bana mahayan Maraɗi ba su ɓullo ta daji ba, an yi girbi hankali kwance. Innarka ƙafar ta yi sauƙi. Ƙanwarka Lami ta yaye Sammani, ya zama ɗan ƙiriniya, akuya ma in ta hango shi sai ta sake hanya. Mahaifinka kuwa, yanar da ka bari a idonshi na hagu ta haye na dama. Yanzu hasken rana kaɗai yake rarrabewa da inuwa. Ya rataye zabira. Da hantsi sai a fito da shi zaure, yana gane masu wucewa da takunsu.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta ƙanenka Sada, yaron nan mai hankali da kunya, wanda duk ƙasar Ruma ba a haifi kamarshi ba, ko da yake kai ba ka taɓa yarda ba. Wani tabo ya fito mashi a baya, tsakanin kafaɗu, faɗinshi kamar tafin hannun Sammani. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Inna ce ta gan shi ran da yake sussuka ba riga. Kai ɗan wanzami ne, ka san abin da ake tsoro. Ko ƙyasbi ne, a shafa magani a manta, ko kuwa farkon kuturta ne.

Na san abin da ka yi da ka karanta wannan: dariya. To haɗiye ta, ka tuna yadda aka yi idonka ya zama ido.

Kana yaro, aikinka riƙon ƙwaryar ruwa ne in Baba yana aski, wato mahaifinka nake nufi. Mutum na tashi sai ya tambaye ka me ka gani. In ka ce ba komai, ya ce ka bi mutumin ka sake gaishe shi. Shekaru ya hana ka duban masu ciwo. Lafiyayyu kaɗai: ƙeyar manoma, bayan 'yan kokawa, hannun mata a bakin rijiya, jar fatar Fulani masu kawo nono kasuwar Batsari, baƙar fatar maƙera. Har ka yi fushi ka ce ka zo koyon magani an sa ka kallon mutane kamar maye. Shi kuwa ya ce sai idonka ya ƙoshi da lafiyayyar fata, sannan marar lafiya za ta kira ka da kanta. Da lokaci ya yi, ya riƙa tafiya da kai bukkokin kutare na bayan Ruma yi masu aski, yana nuna maka wanda abin ya fara taɓawa da wanda ya daɗe. Bai taɓa faɗa maka sunan cuta ba sai ka fara faɗin abin da ka gani. Launin toka ne ko na sabuwar tukunya? Bakinshi a kwance yake ko ya ɗan tashi kamar gefen faifai? Gashin wurin yana nan? Kuma ya hana ka duba a inuwa. Sai a fili, da hantsi, rana na dukan fatar ta gefe.

Kada ka manta da babban malaminka a wannan karatu, wato Sada. Shi ne mai kwaɓa jar ƙasa da man kaɗe ya shafa a cinya, ya zo yana ɗingishi. Ran farko mahaifinku ya ɗauko tsumagiya, sai kuma ya aje, ya ce a bar shi, ai Allah ne ya kawo maka allo mai ƙafafu. Daga nan duk ranar kasuwa Sada sai ya ƙirƙiro sabuwar cuta. Akwai ranar da ya haɗa toka da ruwan lalle, ka duba ka duba, ka koma bayan rumbu kana hawaye wai ƙanenka ya kamu. Wannan rana tana cikin ranakun farin cikin yaron nan. Bayanta bai sake cin ka ba. Sai ka kalle shi ka yi tsaki, ka lashi babban yatsa ka murje wurin, ka bi shi da ranƙwashi. Daga baya har yatsan ka daina sawa. Daga bakin zaure kake cewa ya je ya wanke. Aka tambaye ka yadda kake ganewa, ka ce kai ma ba ka sani ba, gani kawai kake yi. Ran nan mahaifinka ya gaya wa Inna idon Haliru ya nuna. Bai faɗa a gabanka ba, amma an ji ta bayan danga.

Shi Sada bai koyi komai ba sai kwaɓa ƙasa. Ko da ya koya ma, abin a bayanshi yake.

Ga yadda aka yi. Mahaifinka ya sa aka fito da yaron fili da hantsi, ya ce Inna da Lami su zama idanunshi. Inna ta ce fari-fari ne, irin ƙyasbin da kowa ke yi da zafi. Lami ta ce ita dai tana ganin ja-ja a gefe. Ya tambayi bakin tabon, ɗaya ta ce a kwance, ɗaya ta ce ba haka ta gani ba. Dukansu idonsu garau, zare suke sawa a allura, amma ba wadda aka taɓa zaunar da ita ta ƙoshi da kallon bayan mutane. Ita Inna ma abin da take roƙo shi take gani. Sai ya sa yaron faskare har gumi ya jiƙa shi, don ya ji ko wurin ya bushe shi kaɗai, ya bi da hannu yana lalube. Ya daɗe. Ya ce yatsunshi sun yi kanta, ba zai rantse a kansu ba. Aka kawo auduga, yana taɓa wurin yana tambaya ko an ji. Yaron yana cewa ya ji. Amma yana jin motsin hannun rigar tsohon da numfashinshi, har yau bai san ko fatar ce ta ji ko kunne ba. Da aka gama, mahaifinka ya zauna a kan turmi ya ce ya duba wa mutanen Darini, ya duba wa na Safana, ya raba mata da yawa da kuka, ga shi an zo kan ɗan cikinshi an rufe mashi ido. Ban taɓa jin muryarshi haka ba.

Za ka ce a kai shi wurin wani wanzami. Akwai su, amma ka san bakin mutane. Wanda bai ƙware ba in ya ga tabo, abin da ya fi tsoro shi zai faɗa don ya fita laifi, kuma in kalmar nan ta fita ba ta komawa. Sai bukka a bayan gari da akushi na daban, ko da ƙyasbi ne. In kuma aka yi shiru alhali ita ce, ga Sammani. Yaron nan bai san wurin zama ba sai bayan kawunshi. Yanzu in ya taho da gudu zai ɗare, sai Sada ya juya ya ce shi doki ne mai harbi, yau ba hawa. Tuwo ma ya koma ci shi kaɗai, ya ce wa mutane ya zama babban malami, ba ya haɗa hannu da jahilai. Ana ta dariya. Da zafin nan riga ba ta barin jikinshi, abokai suna cewa ya fara neman sarauta.

Saboda haka ina umartarka, da girman da Allah ya ba ni a kanka, ka biyo ayarin da ya kawo maka takardar nan in zai juyo, kafin ruwa ya tsare rafuka. Ku bi ta Katsina, kada ku yanke ta daji. Ba magani aka ce ka kawo ba. Ka zo ka tsaya a bayanshi da hantsi ka duba, ka faɗi abin da ka gani. In alheri ne, ka yi mashi ranƙwashi ka koma. In ɗayan ne, gara ya ji daga bakinka, kuma kai za ka san yadda za a gaya wa Inna.

Mahaifinka yana gaishe ka, kullum sai ya tambayi ko an ji labarin fatake. Inna tana gaida Turai, ta ce a shafa mata kan yara. Lami tana gaisuwa, Kaka ma haka, ta ce ko ka manta da ita, ita ba ta manta da mijinta ba. Sammani bai san ka ba, amma an ce mashi akwai wani doki a Nufe.

Wassalam. Daga wan mahaifinka Liman Armaya'u.

Yaya, na san tun wajen yaro mai hankali da kunya ka gane. Baffa Liman bai san da takardar nan ba, bai ma san da tabon ba, kuma da ya ga wannan rubutu kamar tafiyar kaza da ya sa an kama marubucin. Ni ne, Sada. Na ari rawaninshi ne don na san in ka ga sunana a sama za ka ce yau kuma da wace cuta aka zo, ka ninke ka aje. Ban ga laifinka ba, ni na koya maka. Amma wannan karon na sa Lami ta murje tabon da yatsa, ta wanke da sabulu, ta bi da soso har wurin ya yi zafi a gefe. Bai fita ba, Yaya. Ka zo ka duba ni.

Ƙanenka, Sada.