Dakalin Baba Ya Tafi

Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ƙarfin jiki? Da fatan ƙafar ta yi sauƙi, Hajiya da yara kuma suna lafiya.

Ci gaba ya iso Gangare, Yaya. An rushe tsohon shagon ɗinkin Baba har da dakalinsa, an kafa bene mai gilashi, kowane shago waya yake sayarwa. Ban san muna da kunnuwa da yawa haka ba.

Makon jiya Malam Isa, abokin Baba, ya rasu. Babu dakalin da za a yi zaman makoki, sai muka shimfiɗa tabarma bakin kwata, kusa da janareto. Liman yana addu'a, muna ta amin bisa kintace. Mai benen ya leƙo ya ce, "Dattawa, ku ɗan matsa, kun tare wa kwastoma hanya."

Yanzu zauren gidanmu yake nema, ƙanenmu Kabiru kuwa har ya fara auna shi da ido. Ba ya jin maganata, kai yake tsoro. Don Allah ka kira shi kafin Juma'a, ranar da za su zauna da mai benen.

A sa mu a addu'a. A gaida Hajiya da su Ummi.

Ƙanenka,
Sabi'u