Gudrun Tana Ce wa Ubanta "Ku"

Litinin, 24 ga Oktoba, 1955
Sati guda da dawowar mijina Alois daga sansanin fursunonin yaƙi a Rasha. Ya bar 'yarmu Gudrun tana rarrafe, ya tarar da ita da shekara goma sha uku. Yau a tebur ta ce masa, "Ko za ku ƙara dankali?" Ku! Mu nan baƙo ake ce wa haka, kamar tana magana da ɗan sanda. Ya ajiye cokali.

Laraba, 2 ga Nuwamba
Na ritsa ta a kicin. "Ke, wa ke ce wa ubansa ku? Kai za ki ce." Ta ce, "Mama, bakina ne ya ƙi." Shi kuma wai in ba a son shi a gidan, ɗan'uwansa na da ɗaki a garin Linz. Na balbale shi da faɗa. Tsoro nake ji, gaskiya.

Juma'a, 11 ga Nuwamba
Sabon fim a sinimar da nake yagar tikiti. Irin na kullum: uba mai tumbi, 'ya'ya biyar, ya ce shi zai manna takardar adon bango, ya faɗo daga tsani cikin bokitin manni. Ba wanda ya tambaye shi inda yake lokacin yaƙi. Mutane har da hawaye don dariya.

Lahadi, 13 ga Nuwamba
Na kai su kallon rana. Gudrun ta bar kujera guda tsakaninsu. Bai yi ko murmushi ba. A hanya ya ce, "Wawa. Ba haka ake manna takarda ba."

Talata, 15 ga Nuwamba
Ya sayo takardar bango. Allah ya kyauta.

Asabar, 19 ga Nuwamba
Ina wanke-wanke, shi yana kan tsani a falo, Gudrun na riƙe da bokiti. Bai faɗo ba, amma furannin jikin takardar duk kansu a ƙasa. Sai na jiyo ta: "Kai, Baba! Ka juya ta! Ka fi na fim ɗin ma!"
Ita ba ta ma san abin da ta faɗa ba.
Ya sauko, wai zai ɗebo gawayi a ɗakin ƙasa. Ya daɗe. Ya dawo hannu rabbana.
Ban yi masa faɗa ba. Takardar ma na ce a bar ta haka, ai da tsada.