Na Ja Layi Sau Ɗaya, Na Kayar da Dureti

Adde Kuleni, don Allah ki taimake ni, ban san wanda zan gaya wa ba. Wannan ce takarda ta uku, biyun farko na yaga su. Kada ki sa sunana.

Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare a nan Bekoji. Wata bakwai ke nan da na shiga cikin 'yan matan da ke atisayen gudu a dajin bishiyoyin turare na bayan gari. Ranar farko ko minti goma ban yi ba na durƙusa ina amai. Kullum ni ce ta ƙarshe a layi, kuma wurin ya yi mini: ba mai kallona, idona na kan dugadugan ta gabana, inda ta ɗauke ƙafa nan nake sa tawa. A haka har na kai ina yin minti hamsin ban yanke daga layi ba. Mahaifiyata da ta ƙi abin da farko, yanzu ita ke dama mini garin sha'ir da zuma in na dawo.

Ran Talatar makon jiya kocinmu, Obbo Dachasa, ya nuna ni da baki ya ce, "Ke ta baya, wata bakwai ana ja miki layi. Yau ke za ki ja wa mutane, wuce gaba."

Na san ranar za ta zo, kowa sai ta ja. Na kuma san aikin ta gaba: a tafi a hankali, ana kwana tsakanin bishiyoyi, in ta ga saiwa ko dutse ta ƙyasta yatsu ta nuna ƙasa, tunda na baya ƙafa suke kallo ba hanya ba. Duk na sani. Amma da na ji numfashin mutum goma sha biyu a ƙeyata sai kaina ya ɗauke. Gani nake suna cewa a ransu ina ɓata musu safiya da saiɓi, sai na ƙara gudu. Wata daga baya ta ce, "Ke 'yar nan, kare ne ya biyo ki?" Suka yi dariya, na sake ƙarawa. Na ga saiwar, wallahi na gan ta. Na tsallake, amma hannuna bai motsa ba.

Dureti ce a bayana, saiwar ta harɗe ta ta faɗi. Ita ce babbarmu, ita ta ba ni takalmin da nake gudu da shi, kuma da gangan ta tsaya bayana don ta taya ni. Saura mako uku a lokacin a yi gasar garin Asella, inda ƙungiyoyin birni ke zuwa ɗaukar 'yan gudu, shekara uku tana jiran wannan. Kafin a kai ta bakin hanya idon sawunta ya kumbura. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Da ana ɗora ta a keken doki ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, yatsun naki ciwo suke?"

Yau kwana tara ban koma ba. Kullum da safe ina fita da kayan gudu don kada a gane a gida, sai in zagaya bayan gonakin sha'ir in yi ni kaɗai. Adde, ko minti ashirin ba na iyawa. Ƙafafuna kamar an ɗaura musu dutse, abinci ma turawa nake. Shekaranjiya wata tsohuwa mai kiwon tumaki ta ce mini, "Gudu ke kaɗai, 'yar nan? Likita ne ya ce ki rage ƙiba, ke da ba ki fi tsinke ba?" 

Jiya ƙawata Obse ta kawo saƙon koci: in bai gan ni ran Asabar ba, zai ɗauka na bari. Ita ta ce mini har yanzu Dureti da sanda take takawa.

Abin da ya fi damuna, anya minti hamsin ɗin nan nawa ne? Ko ƙarfinsu ne kawai nake hawa, ni ba komai ba ce? Ina son gudu, ba abin da na taɓa so kamarsa. Amma in na tuna zan shiga dajin nan duk su juyo su dube ni, sai in ji ba zan iya ba. In bari ne?

Ta Ƙarshen Layi, Bekoji

*

'Yata,

Kada ki bari. Aƙalla ba a wannan makon ba, kuma ba daga bayan gona ba.

Ba zan ce miki ba ki yi laifi ba, don kin fi ni sani. Dureti ta ba ki amanar ƙafarta, kika ga saiwa kika yi shiru. Sai dai ba ke kaɗai ba ce a ciki. Na karanta wa maƙwabciyata wasiƙarki, matar da ta yi shekara goma tana gudu a dajin Entoto, ta ce da wuya a sami wadda ta ja layi ranar farko ba ta zarce da gudu ba. Da kocinku ya gaya miki tun jajibiri, da wadda ta yi miki ba'a ta kama bakinta, wataƙila da abin bai kai haka ba.

Abin da ya fi saiwar nauyi a wurina shi ne kwana taran nan. Yarinyar da ta ba ki takalminta tana gida da sanda, ba ki leƙa ba. Ke kin san kunya ce ta hana ki. Ita ba ta sani ba, za ta iya ɗauka ba ki damu ba ne.

Saboda haka yau ki gaya wa mahaifiyarki gaskiya, gobe Juma'a ta raka ki gidan su Dureti. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce kin ga saiwar, tsoro ya riƙe miki hannu, ki ba ta haƙuri. In an dafa kofi ki zauna har a sha zagaye na uku kamar yadda al'ada ta tanada, kada ki zame bayan na farko. Tana iya sakin fuska, tana iya ɗaurewa, kuma mai yiwuwa ne gasar bana ta wuce ta. In haka ta faru, tana da ikon yin fushi, ke kuma ki ci gaba da zuwa gaishe ta. In ba a kai ƙafar asibiti ba, mahaifiyarki ta yi wa tata magana.

Minti hamsin kuwa naki ne. Layi yana sauƙaƙa gudu, shi ya sa ake yin sa, amma ba wadda ta ara miki huhu. Yarinyar da ba ta cin abinci, tana gudu tana waige, ba ranar auna ƙarfinta ba ce.

Ran Asabar ki riga kowa zuwa, ki sami koci shi kaɗai, ya fi sauƙi a kan ki shigo idon kowa na kanki. Ki roƙe shi ya sa ki ta biyu a layi na mako biyu. Duk sanda ta gaba ta ƙyasta yatsu ke ma ki ƙyasta, har hannun ya saba. Bayan nan ki ja na minti biyar kawai, a gudun da za ki iya magana a cikinsa. Za su kalle ki ranar farko, wata ma za ta jefa magana. Kafin ku fito daga daji numfashi ya ishi kowa.

In kin yi wata guda kika ga ranki ya fita daga gudu, ki je ki yi musu sallama da bakinki, ba aibu ba ne. Ban dai ji alamar haka a wasiƙarki ba. Ki riƙe karatunki, ki ci abinci. Allah ya ba Dureti lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciyar ƙwanƙwasa ƙofarsu gobe.

Adde Kuleni